Dutsen da ya fi abin da taswira ta ce: aikin safiyo da jiragen Antaktika

Safiyo Ƙafa-Uku:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun jiya na ce bari in kawo shi nan, tunda a cikinmu akwai 'yan harkar jirgi akwai kuma 'yan taswira. A 2017 hukumar Birtaniya mai binciken Antaktika, nahiyar ƙanƙarar nan da ke ƙarshen kudancin duniya, wato British Antarctic Survey, sun zauna sabunta taswirorin da matuƙan jiragensu ke tsara tafiya da su. Akwai wani dutse da ake kira Mount Hope, tsohuwar taswira ta ce tsawonsa mita 2,860. Da aka sake awo da hotunan tauraron ɗan'adam sai ga shi 3,239. Jama'a kusan mita 380 fa kenan da babu su a takarda amma suna nan tsaye a sama suna jiran jirgi. Kafin nan ma kowa ya ɗauka Mount Jackson mai mita 3,184 shi ne mafi tsawo a yankin da Birtaniya ke cewa nata ne a nahiyar, ashe ba shi ba ne. Ni da awo ne abincina wlh jikina ya yi sanyi, don shekara da shekaru ƙananan jirage suna bi ta wajen cikin gajimare da wannan lambar a hannunsu.

Abba Teknoloji:
Wa alaikumus salam. To ai Yaya Safiyo labarin naka ne ma ya nuna an wuce zamanin ɗaukar ƙafa uku ta ɗora na'urar awo a kafaɗa. Waye ya gano kuskuren? Tauraron ɗan'adam. Ba wanda ya hau dutsen da tef. Yanzu kowane jirgi da GPS, matuƙi ya san inda yake daidai wa daida, me kuma ya rage wa safiyo a cikin ƙanƙara in ba wahala ba?

Safiyo Ƙafa-Uku:
Abba GPS yana gaya maka inda KAI kake ne, ba ya gaya maka inda DUTSE yake. Wannan na'urar da ke ihu a gaban matuƙi in ya doshi tudu, ta zamanin nan, tana haɗa inda jirgi yake ne da taswirar tuddai da aka loda mata a ciki. In an loda mata 2,860 ita ma 2,860 ta sani. Wanda ya tsaya maka jagora in makaho ne ai sai ku faɗa rami tare.

Na biyu, hoton sama shi kaɗai ba taswira ba ne sai an ɗaure shi da ƙasa. Bari in ba ka misali da can ɗin. A 1946 zuwa 1947 sojan ruwan Amurka ƙarƙashin Richard Byrd sun yi wani gagarumin aiki mai suna Operation Highjump, suka ɗauko hotuna ta sama wajen 70,000. Da aka dawo gida aka baje su sai aka ga da yawa ba a san takamaiman inda suke a doron ƙasa ba, fari ne kawai da duwatsu, babu wata alama da aka auna a ƙasa da za a ce wannan ɗigon ga lambarsa. Dole shekarar da ta biyo aka sake tura mutane, shi ne Operation Windmill, ana sauke su da helikwafta suna kafa ƙafa uku suna auna wurare ɗaya bayan ɗaya. Yau kayan aiki sun canza amma ƙa'idar tana nan.

Maman Khalil:
Ku yi haƙuri ni fa tun farko aka bar ni a baya. Wai jirage na zuwa can ne ma? Na ɗauka ba kowa sai waɗannan tsuntsayen masu tafiya a tsaye. Kuma a ina suke sauka tunda ƙanƙara ce ko'ina?

Ɗalibar Jogarafi:
Anti suna zuwa sosai, musamman daga Oktoba zuwa Fabrairu lokacin da rana ba ta faɗuwa a can. Nahiyar fa murabba'in kilomita miliyan 14 ce, ta ninka Najeriya wajen sau 15, kuma ƙasashe da dama na da sansanonin bincike. Amurka na tashi daga Christchurch a Niyu Zilan zuwa sansaninta na McMurdo, Ostareliya daga Hobart zuwa titin Wilkins, Norwe da wasu ƙasashe daga Cape Town, wasu kuma daga Punta Arenas a ƙasar Chile. Titin jirgin iri-iri ne. Akwai na tsakuwa kamar na Rothera na Birtaniya, mita 900 kacal a bakin teku. Akwai na dusar ƙanƙara da ake dannewa da manyan motoci har ta yi tauri kamar daɓe, irin Phoenix na McMurdo. Akwai inda sai jirgi mai takalmin sulɓi a maimakon taya. Sannan akwai shuɗiyar ƙanƙara, ita wannan iska ce ke share dusar da ke kanta ta bar tsohuwar ƙanƙara mai taurin dutse, a kanta babban jirgi ke sauka da tayarsa. A Nuwamba 2023 har Boeing 787 ya sauka a titin Troll na Norwe da mutum 45 da kaya tan 12.

Maman Khalil:
Ikon Allah! A kan ƙanƙara? To da me yake taka burki?

Matuƙi Ɗan Koyo:
Hajiya ana kankare fuskar titin da mota mai haƙora ta yi kaushi saboda taya ta kama, sannan matuƙi ya fi dogara da juya ƙarfin inji baya, shi ya sa ake son titin da tsawo, na Troll wajen mita 3,000 ne. Amma abin da ya fi ba ni mamaki, kuma nan ne zan goyi bayan Yaya Safiyo, titin ba ya zama wuri ɗaya. Tafiya yake.

Abba Teknoloji:
Titi na tafiya kuma? Haba dai.

Safiyo Ƙafa-Uku:
Ƙwarai kuwa. Ƙanƙarar can kogi ce mai gudu a hankali, daga tsakiyar nahiya take gangarowa zuwa teku. Titin Wilkins yana matsawa wajen mita 12 duk shekara. A can ƙuryar kudu ta duniya inda Amurka ke da sansanin Amundsen-Scott, ƙanƙarar na tafiya wajen mita 10 a shekara da gini da titi da komai a kanta, shi ya sa duk ranar 1 ga Janairu sai an sake auna ainihin wurin an matsar da sandar alama. Ka duba fa, ni nan in na binne dutsen safiyo a fili zan dawo bayan shekara 20 in same shi in dai ba wani ya tone ba. Su can lambar bakin titi da ka bai wa matuƙi bara, bana ta zama tsohon labari. Kuma hanyar sauka da ake lodawa a kwamfutar jirgi a kan wannan lambar aka gina ta.

Yadda ake yi, a samu inda dutse na gaske ya leƙo daga cikin ƙanƙara, a kafa na'urar GPS ɗaya a kansa tunda shi ba ya motsi, ita ce uwa. Ɗayar kuma a ɗaura ta a babur ɗin ƙanƙara a bi titin kai da komowa ana karanta tudu da kwari da gangare. Kafin ma a kai nan sai an bi wurin da na'urar da ke leƙa cikin ƙasa, saboda tsagar ƙanƙara. Tsagar nan kan yi zurfin da za ta haɗiye mota, sai dusa ta rufe bakinta luf, ka ga fili shimfiɗe ashe rijiya ce da murfin takarda. Abba wannan wa zai yi maka shi daga ofis?

Abba Teknoloji:
Na yarda da batun tsaga da motsi. Amma dai kar a raina na sama. Tun 2018 jami'o'in Amurka suka fitar da REMA, taswirar tudu da kwarin nahiyar kusan dukkanta daga hotunan tauraron ɗan'adam, kowane ɗigo mita 8, daga baya ma aka ƙara kaifinta. A shekarar kuma NASA ta harba ICESat-2 mai auna tsawon ƙanƙara da hasken leza. Safiyo nawa za ka tura su taka murabba'in kilomita miliyan 14? Ko jikokinsu ba za su gama ba.

Ɗalibar Jogarafi:
Nan kam Abba ya yi gaskiya Yaya. Kuma su ma masu fassara hotunan ai 'yan awo ne, kujera kawai suka canza. Ni a ganina na sama ne ke nuna maka inda za ka duba, na ƙasa kuma ya je ya tabbatar. Ko shuɗiyar ƙanƙarar ai daga hoto ake fara hango ta saboda launinta daban yake.

Safiyo Ƙafa-Uku:
Ban musa ba ƙanwata. Abin da na ƙi shi ne a ce an gama.

Baba Tsohon Hasumiya:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba. Ni shekaruna na aiki a hasumiyar filin jirgi na yi su, ina magana da matuƙa, kuma duk wanda ya yi wannan aikin a zamaninmu ya san sunan Erebus. Ina ganin muhawarar nan ba za ta cika ba sai an kawo shi.

Ranar 28 ga Nuwamba 1979 jirgin Air New Zealand mai lamba 901, ƙirar DC-10, ya tashi daga Auckland a Niyu Zilan da 'yan yawon buɗe ido. Ba sauka za su yi ba, za a zagaya da su ne su ga Antaktika ta taga su ɗauki hoto a dawo da yamma. Mutum 257 ne a ciki. Ba wanda ya dawo. Jirgin ya daki gindin dutsen Erebus, dutse mai aman wuta mai tsawon mita 3,794 a tsibirin Ross.

Abin da ya faru, wata 14 kafin nan lokacin da ake shigar da hanyar a kwamfutar kamfani, wani ya buga 164 inda ya kamata ya buga 166 a lambar wurin da za a juya. 4 a maimakon 6. Wannan kuskuren sai ya kai hanyar ta bi ta tsakiyar mashigin McMurdo, shimfiɗaɗɗiyar ƙanƙarar teku ba tudu ko ɗaya, jirage suka yi ta bi lafiya lau. Da aka kira Kyaftin Jim Collins da mataimakinsa bita kwana 19 kafin tafiya, wannan hanyar suka gani. Sai da asubahin ranar tafiya aka gyara lambar a ofis, hanyar ta matsa gabas wajen kilomita 43 ta hau kan dutsen kai tsaye, kuma ba a gaya wa matuƙan ba. Suka loda abin da aka miƙa musu, na'ura ta bi shi tiryan-tiryan ba ta kauce ba. Su a ransu suna kan mashigi, dutsen na can hagu nesa.

Maman Khalil:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. To Baba da rana ne fa kuka ce, dutse mai wannan girman ba su gan shi ba? Ko hazo ne irin namu na hunturu?

Matuƙi Ɗan Koyo:
Hajiya wannan ne abin tsoron, ba hazo ba ne. Hazonmu ai kana ganinsa, ka san ba ka gani, shi ya sa ake soke tashi a Kano in ya yi kauri. Wancan kuwa iska garau take, hotunan da fasinjoji suka ɗauka daf da hatsarin sun nuna ana hango nesa sosai. Gajimare fari a sama, ƙanƙara fara a ƙasa, haske ya bazu ba inuwa ko kaɗan, sai gangaren dutsen ya narke cikin gajimaren ido ya ga kamar fili ne ya miƙe har ƙarshen gani. Ka ɗauki farin ƙwai ka ɗora a farin faranti ƙarƙashin farar fitila, kusan haka. Ga shi kuma bakin gaɓa biyu da suka hango dama da hagu sun yi kama da waɗanda suke tsammanin gani a ƙofar mashigin. Ido ya ce daidai ne, na'ura ta ce daidai ne. Na'urar gargaɗi ta yi ihu saura 'yan daƙiƙu.

Baba Tsohon Hasumiya:
Haka ne ɗana. Amma bari in faɗi ra'ayina ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Ni har yau ina ganin matuƙan ma da nasu kason. Ƙa'idar kamfanin ta ce kada a sauko ƙasa da ƙafa 16,000 a wannan yankin sai da wasu sharuɗɗa, ko da sharuɗɗan ma ƙafa 6,000 ne iyaka. Su kuwa sun sauko har wajen ƙafa 1,500. Hasumiyar McMurdo ba ta kama su a rada ba, rediyon VHF, wanda tudu ke iya tarewa, ma yana ta yankewa, wanda da an tsaya an yi tunani za a ce me ya tsaya tsakaninmu da su? Dutsen ne. A aikinmu abin da aka koya mana, ba ka sauke jirgi ƙasa da tsawon tudun da ke kusa sai ka tabbatar da inda yake ta hanya biyu. Babban mai binciken hatsari na ƙasar, Ron Chippindale, a kan wannan ya tsaya.

Matuƙi Ɗan Koyo:
Baba da girmanka, a nan zan saɓa maka. Ai bayan rahoton Chippindale gwamnati ta naɗa alƙali Peter Mahon, ya zauna ya saurari shaidu, a 1981 ya ce babban dalilin hatsarin shi ne canza lambar ba tare da sanar da matuƙa ba, ya wanke su. Ya nuna jiragen da suka gabata ma suna saukowa ƙasa sosai kuma kamfani ya sani, har a jarida ana bugawa, tunda abin da fasinja ya biya kuɗi ya gani kenan. Kuma ba a taɓa koya wa waɗannan matuƙan yadda farin nan ke yaudarar ido ba. Collins fa mutum ne mai tsantseni, daren tafiya ya zauna a gida ya zana hanyar a kan taswira da lambobin da aka nuna masa. Ya yi aikinsa. Wani ne ya zare tabarmar bayan ya kabbara.

Baba Tsohon Hasumiya:
Na san rahoton Mahon ɗana, na kuma san daga baya kotun ƙoli ta Landan a 1983 ta ce ya wuce gona da iri inda ya zargi manyan kamfanin da haɗa baki su yi ƙarya, don bai ba su damar kare kansu ba.

Matuƙi Ɗan Koyo:
Gaskiya ne Baba, amma wannan ɓangaren kawai suka taɓa, ba su rushe abin da ya ce ya jawo hatsarin ba. Kuma a 2019 da aka cika shekara 40, Firaminista Jacinda Ardern ta fito ta nemi gafarar iyalai a madadin gwamnati, kamfanin ma ya nema.

Baba Tsohon Hasumiya:
Ta nema, kuma ya dace ta nema. Ban ce ofis ba su da laifi ba, nasu ne ma babba. Abin da nake so ka riƙe tunda kai ne za ka zauna a kujerar gobe, ranar da takarda ta ce ga inda kake, ka nemi shaida ta biyu kafin ka sauko. Ba don in ci mutuncin mamaci nake faɗa ba, Allah ya sani.

Matuƙi Ɗan Koyo:
Na riƙe Baba. Allah ya ƙara girma.

Safiyo Ƙafa-Uku:
Ni abin da ke ƙona min rai a labarin nan, lambar da aka gyara ɗin ba ƙarya ba ce fa, ita ce ta kusa da abin da aka nufa tun farko. Gyara ne ya yi kisa saboda an yi shi shiru. Na taɓa ganin ƙaramin irinsa da idona. An ba ni lambobin wani fili in je in fitar da iyaka, na kunna na'ura na bi, sai ta kai ni tsakiyar gonar wani dattijo, dawa ta kai ƙirji, shi kuma yana tsaye da fartanya yana kallona yana cewa ɗana lafiya? Na duba na sake dubawa lamba daidai. Sai da na koma na tono tsohon fayil na gane lambobin a kan ma'aunin Minna aka yi su, tsohon ma'aunin Najeriya, wanda ya kwafe su a sabuwar takarda bai rubuta ba, na'urata kuma tana kan WGS84 irin na GPS. Tazarar ta fi mita 70. Na dawo na sami dutsen safiyon na asali a gindin wata tsamiya, ƙasa ta rufe shi, na share da hannu na ga lambar a jiki. Da na kafa fegi a gonar nan da yanzu ana kotu. Mita 70 a fili rigima ce, a bakin titin jirgi kuwa gawa ce. Shi ya sa hukumar jiragen sama ta duniya ta ce daga 1998 kowa ya koma WGS84, a yi magana da harshe ɗaya.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da hira. Ni direban babbar mota ne a da, na yi hanyar Agadas zuwa Bilma. Abin da kuke faɗa na ƙasa mai tafiya mun san shi, tudun rairayin da ka bari bara ba nan za ka same shi ba. Kuma akwai icen Tenere, ƙwaya ɗaya tal a cikin hamada har a taswira an sa shi, mota ta buge shi a 1973, yanzu gangar na gidan tarihi a Yamai an kafa na ƙarfe a wurin. Tambayata ita ce, mu in komai ya ɓace muna da kamfas da taurari. Su can fa da kuka ce rana ba ta faɗuwa, kamfas ɗin dai na aiki ko?

Matuƙi Ɗan Koyo:
Kawu kamfas ɗin ne ma farkon mai yaudara. Allurarsa maganaɗisun duniya take bi, kuma ƙuryar maganaɗisu daban take da ƙuryar duniya ta gaske. Ta kudu ma yanzu ba ta kan nahiyar, tana cikin teku. In ka matso kusa da ita allurar ƙasa take son nunawa, sai ta yi ta lilo ba ta tsayawa. Ta arewa kuma gudu take daga Kanada ta nufi Saberiya, akwai shekarun da ta riƙa cin fiye da kilomita 50 a shekara, har a farkon 2019 sai da aka fitar da gyaran taswirar maganaɗisu ta duniya kafin lokacinta ya yi, alhali duk shekara 5 ake yi. Lambar da kuke gani an rubuta a bakin titin jirgi ai daga kamfas take, to a Fairbanks ta Alaska a 2009 sai da aka goge aka sake fenti, titi mai lamba 1 ya koma 2. A can arewacin Kanada ma sun haƙura da maganaɗisun, da arewa ta gaske suke lissafi.

Ɗalibar Jogarafi:
Kuma ko arewa ta gasken ma rikici ce a can Kawu. In kana tsaye a ƙuryar kudu duk inda ka juya arewa ce, gabanka arewa bayanka arewa. Layukan da ke saukowa daga sama zuwa ƙasa a taswira duk a nan suke haɗewa, jirgi na tafiya a miƙe amma lambar alƙiblarsa na ta canzawa. To sai aka yi dabara, aka shimfiɗa raga a kan taswira aka ce layin Greenwich, wato layin taswira da ya ratsa ta Landan, shi ne arewar kowa, duk wanda ke yankin da ita zai yi magana. Ita kanta taswirar ba irin ta bangon aji ba ce da ke miƙe Antaktika kamar farin zani a gindi, ana zana ta ne kamar kana kallon nahiyar daga sama ƙuryar na tsakiya.

Abba Teknoloji:
To ai duk wannan ya dawo kan maganata, GPS ne mafita tunda shi ba ruwansa da maganaɗisu.

Matuƙi Ɗan Koyo:
Yana aiki Abba, ba wanda ya ce ba ya yi. Amma taurarinsa ba sa bi ta saman ƙurya, hanyarsu ta karkata ne digiri 55, to a can kullum a gefe-gefe kake ganinsu, sai awon tsawo ya fi rauni, wanda shi mai sauka ya fi buƙata. Taurarin da ke tsaye saman tsakiyar duniya masu aiko da gyara kuma, in ka wuce wajen digiri 81 sun faɗa bayan ƙasa ba ka ganinsu. Ga na'urar auna tsawo mai aiki da nauyin iska, in sanyi ya tsananta tana nuna maka ka fi inda kake sama, sai ka yi lissafin gyara. Ka haɗa wannan da dutsen da ya fi takarda da mita 380 ka gani.

Maman Khalil:
Ni dai tausayin masu aikin ya kama ni. Duk wannan wahalar saboda me? Me ya sa ba za a zuba kwalta ko siminti a huta ba?

Ɗalibar Jogarafi:
Anti wurin da ba ƙanƙara a nahiyar bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma nan ne tsuntsaye da sauran halittu ke hayayyafa. Ostareliya ta yi niyyar zuba titin kankare mai mita 2,700 kusa da sansaninta na Davis, an yi shekaru ana awo da nazari, a Nuwamba 2021 gwamnati ta fasa, ga kuɗi ga ɓarnar muhalli. Ni gsky na ji daɗin fasawar. Wurin nan tun yarjejeniyar 1959 aka ware shi don zaman lafiya da bincike.

Safiyo Ƙafa-Uku:
Ni kuma raina biyu ƙanwata, don na ƙanƙarar ma yana ba da wuya. Titin Pegasus na McMurdo iska ta riƙa kwaso baƙar ƙura daga wani tsibiri tana zubawa a kai, baƙi kuma na shan rana, sai ya riƙa narkewa, a ƙarshen 2016 aka rufe shi aka koma Phoenix. Wilkins ma a tsakiyar bazararsu sukan dakatar da sauka in ƙanƙarar ta ɗumama. Kuma ba don yawo kawai ake buƙatar titin ba Hajiya. A watan Yunin 2016, tsakiyar hunturu, duhu dare da rana, mutum biyu suka kamu da rashin lafiya a sansanin ƙuryar kudu. Ƙananan jirage biyu ƙirar Twin Otter na kamfanin Kenn Borek suka taso tun daga Kanada har Rothera, ɗaya ya tsaya jiran ko-ta-kwana, ɗaya ya shiga duhun nan tafiyar wajen kilomita 2,400 ya ɗauko su. Matuƙin nan ba ya ganin dutse ko ɗaya a hanya. Abin da wani ya auna ya rubuta shi ne idonsa.

Baba Tsohon Hasumiya:
Kamfanin nan ai sun yi rashi ma a Janairun 2013, jirginsu ya daki Mount Elizabeth da mutum 3 a ciki. Mutane ne da suka san wurin kamar tafin hannunsu.

Abba Teknoloji:
Allah sarki. To Yaya Safiyo na sauko daga inda na hau amma ba duka ba. Har yanzu ina nan a kan cewa nan da wasu shekaru jirage marasa matuƙi ne za su riƙa bin titin suna awon, mutum na cikin ɗaki da shayinsa.

Safiyo Ƙafa-Uku:
Ina maraba da su Abba, ni ma yanzu da irinsu nake aiki a manyan filaye, kuma duk abin da zai hana ɗan wani faɗawa tsaga ina so. Amma kafin in tashe shi sai na zagaya na kafa alamomi a ƙasa na auna su, in na dawo kuma in rubuta a saman takarda ranar da aka yi awon da ma'aunin da aka bi, in sa hannu. Ɗan Koyo dan Allah in ka koma makaranta ka ɗauko min hoton takardar sauka ta filin da kuke atisaye, ina so in nuna wa Abba inda ake rubuta ranar gyara da abin da aka canza a gindinta.

Matuƙi Ɗan Koyo:
In sha Allah Yaya, ran Litinin zan turo.

Ɗan Damagaram:
In ka turo ka yi mana bayani da Hausa yadda za mu gane, ni ragar Greenwich ɗin nan ce har yanzu ba ta zauna min ba. In kowa ya yarda wancan layin ne arewa, wanda ya taso daga Niyu Zilan ya nufi kudu fa, me zai ce yana fuskanta?

Ɗalibar Jogarafi:
Arewa zai ce Kawu, ko kusa da ita, don shi ta bayan ƙuryar ya ɓullo. Bari in sauka daga mota in zana maka a takarda in ɗauko hoto.